Yadda Ake Shigar da Maiɗaki Duniyar Star Trek Ba Tare da an Gundure Ta ba

Wanda ya shafe shekaru yana kallon Star Trek, idan ya yi aure ba ya daɗewa sai ya fara marmarin ranar da shi da maiɗakinsa za su zauna a falo suna bin jirgin sararin samaniya na Enterprise daga wannan duniya zuwa waccan. Marmarin ba laifi ba ne, sai dai da yawa daga cikinmu mukan ɓata lamarin tun a daren farko, domin mukan manta da girman kayan da muke shirin ɗora wa mutum. An fara nuna shirin ne a tashar NBC ta Amurka ranar 8 ga Satumba, 1966, kuma daga wancan lokaci zuwa yau an yi shirye-shirye masu dogon zango fiye da goma a ƙarƙashin wannan suna, jimillar kashi-kashinsu ta haura 900, ban da finafinan silima 13. Idan aka ce kowane dare za a kalli kashi ɗaya babu fashi, sai an wuce shekara biyu kafin a ga ƙarshensa. Abin da tsohon mai kallo yake ɗauka taska ce, sabon shiga kallon bashi yake yi masa, bashin da bai ci ba kuma ake so ya biya.

Zan yi maganar ne da miji, saboda ta wannan ɓangaren na san lamarin, amma matar da take son jawo maigidanta za ta iya bin matakan yadda suke. Matsayin da ya dace ka ɗauka shi ne na mai masauki, ita kuma baƙuwa ce da ta zo garin da ka daɗe a cikinsa. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin da ya ce sai ya zagaya da baƙo kowane lungu a yini guda, ya kuma karanta masa tarihin kowace unguwa, to da wuya baƙon nan ya sake dawowa.

Mataki na farko: ka nemi yardarta, kuma ka yanka wa kanka iyaka

Kada ka kunna shirin kawai ka ce ta zo ta gani. Ka faɗa mata a fili cewa akwai wani shiri da kake ƙauna tun da daɗewa, kana so ku gwada kashi uku tare, kuma idan bayan ukun bai kwanta mata ba za ka bar maganar. Ambaton adadin yana da muhimmanci, domin shi ne yake cire mata fargabar cewa ta shiga rijiyar da ba ta da ƙasa. Kashi ɗaya na tsofaffin shirye-shiryen yana ɗaukar minti 45 zuwa 50, saboda haka abin da kake roƙo bai kai awa uku ba. Ya kuma kyautu ka yi tayin musaya: duk daren da ta zauna ta kalli naka, akwai daren da kai ma za ka zauna ka kalli nata, kuma ka kalle shi da gaske, ba kana latsa waya ba.

Mataki na biyu: ka fara da abin da take so, kafin abin da kake so

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma aiki ne da ake yi tun kafin a taɓa rimot. Ka zauna ka tuna irin abin da yake riƙe ta a gaban talabijin, da irin wurin da takan ajiye abin da take yi ta mai da hankali. Star Trek ƙagaggen labarin kimiyya ne a suna, amma a cikinsa akwai shari'a, da rikicin iyali, da siyasa, da yaƙi, da barkwanci, da soyayya, kuma kusan kowane irin mai kallo yana da ƙofar da ta yi daidai da shi.

Idan mai son zaman kotu ce da muhawara, babu kamar kashin da ake kira "The Measure of a Man" na zango na biyu na The Next Generation, ɗaya daga cikin shirye-shiryen Star Trek, wanda aka nuna a 1989. A cikinsa wani masanin kimiyya ya nemi a ba shi izinin kwance Data, wato mutum-mutumin da yake aiki a matsayin hafsa a jirgin, domin ya gano yadda aka ƙera shi ya ƙera irinsa da yawa. Data ya ƙi, sai aka kafa kotu don a yanke ko shi dukiyar rundunar Starfleet ce ko kuwa yana da 'yancin cewa a'a. Kyaftin Picard ne ya tsaya masa, aka kuma tilasta wa abokinsa Riker ya tsaya a ɗaya ɓangaren. Ba a harba ko bindiga ɗaya ba a faɗa, kuma tun kafin a kai ƙarshe mai kallo zai gane cewa maganar bauta ake yi. Wadda ta rubuta shi, Melinda Snodgrass, ta yi aikin lauya kafin ta koma rubutu, kuma hakan ya fito a yadda aka tsara hujjojin.

Idan kuwa mai son harshe ce da azanci, ka nemi "Darmok" na zango na biyar. Picard ya sami kansa a wata duniya tare da kyaftin na wata al'umma wadda na'urar fassara take iya juya kalmominta amma ba ta iya fitar da ma'anarsu, saboda mutanen ba sa magana sai da ishara zuwa ga tatsuniyoyinsu da tarihinsu. Kamar a ce wani yana son ya gaya maka cewa baƙo ya zo ya raba mutane da masifa, sai kawai ya ce "Bayajidda a bakin Kusugu", ya yi shiru. Turawa da yawa sukan ɗauki lokaci kafin su kama zaren wannan kashi, amma wanda ya tashi cikin karin magana da habaici yakan riga Picard ganewa, kuma daɗin da mutum yake ji idan ya riga jarumin fim gano abu yana daga cikin abubuwan da suke sa ya nemi ƙari.

Mai son labarin iyali da zumunci tana da zaɓi da yawa. A tsohon shirin na shekarun 1960 akwai "Journey to Babel", inda iyayen Spock, mataimakin kyaftin, suka shigo jirgi aka gano cewa shi da mahaifinsa Sarek sun yi shekara 18 ba sa magana irin ta ɗa da uba, saboda Spock ya zaɓi aikin da uban bai so ba. Akwai "Data's Day" na The Next Generation, wanda ya ginu a kan shirye-shiryen wani ɗaurin aure a cikin jirgi da amaryar da ta ce ta fasa ana gab da biki. Akwai kuma "The Visitor" na Deep Space Nine, labarin ɗan da ya ƙare rayuwarsa yana neman hanyar dawo da mahaifinsa, amma wannan ka adana shi tukuna, domin ya fi tasiri idan an riga an san uban da ɗan. Mai son dariya kuma sai "The Trouble with Tribbles", inda wasu ƙananan halittu masu gashi da saurin haihuwa suka cika jirgi har suka cinye hatsin da aka sa Kyaftin Kirk gadi.

Mataki na uku: kada ka bi jeri

Akwai jeri iri biyu da masoya shirin suke jayayya a kansu, wato jerin shekarun da aka yi shirye-shiryen da jerin shekarun da labarin ya faru a cikinsu, kuma a ganina dukansu biyun ba su dace da sabon shiga ba. Wanda ya bi jerin labari zai fara ne da Enterprise, wanda aka yi daga 2001 zuwa 2005 kuma labarinsa ya fara a shekarar 2151. An rubuta shi ne don waɗanda suka riga suka san abin da zai zo daga baya, saboda haka rabin daɗinsa ba zai isa ga wadda ba ta san kome ba. Wanda ya bi jerin fitowa kuma zai fara da kashi 79 na shirin farko, masu kayan ado na kwali da fitilu masu launin alewa, waɗanda a cikinsu akwai gwanaye ƙwarai akwai kuma waɗanda ko masoyan shirin ba sa iya kare su.

Haka nan kada ka ce za ka fara The Next Generation daga kashi na ɗaya. Ni na yi wannan kuskure. Na kunna "Encounter at Farpoint", kashin buɗewa na 1987 mai tsawon kusan awa ɗaya da rabi, ina ta murmushi ni kaɗai, can wajen tsakiya sai maiɗakina ta waiwayo ta ce, "Maigida, wai sai yaushe za a fara labarin?" Ban kai ga ba ta amsa mai gamsarwa ba barci ya ɗauke ta, kuma sai da aka yi watanni kafin na sake samun fuskar tayar da maganar. Masoya shirin kusan sun yi ittifaƙi cewa zangon farko na The Next Generation mai rauni ne, 'yan wasan ba su riga sun zauna a cikin rigunansu ba, kuma shirin bai tsaya da ƙafarsa sosai ba sai a zango na uku. A zangon farkon ne ma ake da "Code of Honor", wanda ya nuna wata duniya ta baƙaƙen fata zalla a siffar da ta yi kama da tsohon kallon raini da finafinan Turawa suke yi wa Afirka, har wasu daga cikin 'yan wasan suka fito daga baya suka soki kashin. Idan wannan ne abu na uku ko na huɗu da baƙuwarka ta gani, kada ka yi mamaki in ta yanke wa shirin hukunci gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: ka zaɓi ƙofa ɗaya

Ƙofar da na fi ba da shawara a yau ita ce Strange New Worlds, wanda aka fara a 2022. Dalilai uku ne suka sa. Na farko, hotonsa na zamani ne, ido ba zai sha wahalar sabawa da shi ba. Na biyu, kowane zango bai wuce kashi goma ba, kuma mafi yawan kashi-kashin labarinsu yana farawa ya ƙare a zama ɗaya, irin tsarin tsohon shirin. Na uku, labarin yana faruwa ne a jirgin Enterprise 'yan shekaru kafin Kirk ya karɓe shi, ƙarƙashin Kyaftin Christopher Pike, don haka za ta haɗu da Spock da Uhura suna matasa, ta san su tun daga tushe. Akwai kuma wani abin jan hankali ga mai kallo daga wannan yanki namu: likitan jirgin, Dakta M'Benga, Babs Olusanmokun ne yake fitowa a matsayinsa, ɗan wasan da aka haifa a Legas, kuma a zangon farko labarinsa ya rataya ne a kan 'yarsa Rukiya mai fama da ciwon da ba a samo maganinsa ba, wadda ya ɓoye a cikin na'urar da take ɗauke mutum daga jirgi ta sauke shi a ƙasa, don ya tsayar mata da lokaci. Ban san uwa ko uban da zai ga wannan bai ji wani abu ba. Wadda ta saba da finafinan Indiya kuma za ta iske kashi guda a zango na biyu, "Subspace Rhapsody", wanda ma'aikatan jirgin suke ɓarkewa da waƙa ba da son ransu ba.

Ƙofa ta biyu ita ce zaɓaɓɓun kashi-kashi na The Next Generation, irin waɗanda na ambata a sama. An gina shirin ne a zamanin da ba a tabbatar mai kallo ya ga na makon jiya ba, saboda haka ana iya tsinko kashi daga zango na biyar a kalla ba tare da an ɓata ba. Idan wannan ƙofar ka zaɓa, jerin da ya yi mini aiki a karo na biyu shi ne "The Measure of a Man", sannan "Darmok", sannan "The Inner Light", wanda a cikinsa Picard ya rayu tsawon rayuwar wani mutum, da mata da 'ya'ya da jika, a cikin minti 25 na lokacin jirgi. Wannan kashi ya ci kyautar Hugo, wadda ake bai wa ƙagaggun labaran kimiyya, a 1993, kuma na sa shi na uku ne da gangan, domin sai an ga Picard a matsayin mutum mai kame kai wanda ba shi da iyali sannan ake jin nauyin abin da ya samu ya kuma rasa.

Ƙofa ta uku fim ce, ga wadda ba ta son ɗaukar alkawarin shiri mai dogon zango. Fim ɗin 2009 wanda J.J. Abrams ya ba da umarni an yi shi ne musamman don waɗanda ba su san kome ba, yana da sauri da faɗa da raha, kuma labarinsa ya bi wani reshe na daban wanda bai taɓa sauran shirye-shiryen ba. Illarsa ita ce yana iya sa ta zaci duk Star Trek gudu ne da fashe-fashe, alhali mafi yawansa mutane ne zaune a ɗakin taro suna neman mafita. Akwai kuma The Voyage Home na 1986, inda ma'aikatan jirgin suka koma birnin San Francisco na ƙarni na ashirin don su ɗauko wasu manyan dabbobin teku guda biyu da suka ƙare a zamaninsu. Fim ne mai ban dariya da sauƙin bi, sai dai shi ne na uku a wani labari mai haɗe, kuma zai tona mata babban abin da ya sami Spock a finafinai biyu da suka gabace shi.

Voyager, wanda aka yi daga 1995 zuwa 2001, shi ma yana karɓar baƙi, musamman ga wadda za ta ji daɗin ganin mace, Kyaftin Kathryn Janeway, tana jagorancin jirgin da aka jefa nesa da gida tafiyar kusan shekara 75. Waɗanda ba a farawa da su kuwa su ne shirin da ake kira Picard, domin ci gaban labarin mutanen da ba ta sani ba ne, da Lower Decks, domin barkwancinsa kusan duka shaguɓe ne ga tsofaffin shirye-shiryen.

Mataki na biyar: ka sake kallon abin da ka zaɓa kai kaɗai

Ƙwaƙwalwa takan yi wa abin da muke so kwalliya. Kashin da ka kalla shekara goma da suka wuce kana ɗaki kai kaɗai, wataƙila akwai abin da ka manta a cikinsa wanda zai sa ka ji nauyi idan kana zaune da iyali. Shirin na Amurka ne kuma da al'adar can aka yi shi: akwai sumbata, akwai shigar da ba ta rufe jiki ba, musamman a shirin shekarun 1960 da wasu kashi-kashi na farkon The Next Generation kamar "Justice" da "The Naked Now". Discovery da Picard kuma suna da zubar da jini da kalamai masu kaushi fiye da na da. Ko Strange New Worlds yana da kashi-kashi masu ban tsoro da na yaƙi waɗanda ba su dace da daren farko ba, balle idan yara suna kusa. Idan da yaran ake son a yi kallon, Prodigy, wanda zane ne, shi aka yi domin su.

Akwai kuma batun addini, wanda gara ka san da shi tun da wuri. Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, mutum ne da bai yarda da addini ba, kuma ra'ayinsa ya fito fili a wasu wurare, misali a "Who Watches the Watchers", inda Picard ya yi magana a kan imani da abin da ba a gani kamar wani mataki ne da al'umma take wucewa. Akwai kuma halittu irin su Q masu ikon da ya wuce hankali. Deep Space Nine ya fi sauran mutunta masu imani, domin ɗaya daga cikin manyan jarumansa, Kira Nerys, mai riƙo da addinin mutanenta ce kuma ba a mai da ita abin dariya ba. Kai ka san maiɗakinka: idan irin wannan zai dame ta, ka kauce masa a farko, idan kuma mai son tattaunawa ce, ka faɗa mata kafin ku kalla, ku yi maganarsa bayan an gama.

Mataki na shida: bayanin minti biyu

Kafin ka kunna, ka ba ta abin da ba za ta iya bin labarin ba sai da shi, ka tsaya nan. Labarin yana faruwa ne shekaru ɗaruruwa nan gaba, lokacin da mutanen duniya suka daina yaƙi da juna suka haɗu da wasu al'ummomi suka kafa Tarayyar Duniyoyi. Starfleet ita ce rundunar Tarayyar, aikinta bincike da diflomasiyya da tsaro. Suna da babbar doka da ta hana su tsoma baki cikin al'amuran al'ummar da ba ta kai ga ƙera jirgin da ya fi haske gudu ba, kuma sau da yawa rikicin shirin daga wannan doka yake tasowa. Mutanen Vulcan masu dogayen kunnuwa suna danne motsin zuciya su bi hankali zalla, Klingon kuma mayaƙa ne masu girmama jarumta da mutunci. Akwai na'urar da take ɗauke mutum daga jirgi ta sauke shi a ƙasa cikin ƙiftawar ido. Wannan ya isa.

Sauran abubuwan da suke cin ranka ka faɗa, ka riƙe su. Na san da wuya. Kana so ka gaya mata cewa sunan Uhura daga kalmar Swahili "uhuru" aka samo shi, mai nufin 'yanci, kuma Nichelle Nichols da ta fara fitowa a matsayin ta so barin shirin bayan zangon farko sai Martin Luther King ya roƙe ta ta zauna saboda abin da ganinta a wannan kujera yake nufi ga baƙaƙen fatar Amurka. Kana so ka ƙara da cewa Mae Jemison, baƙar fata mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce Uhura ce ta zaburar da ita, har daga baya ta fito a wani kashi na The Next Generation. Labarai ne masu daɗi, amma daɗinsu yana fitowa ne bayan ta san Uhura ta kuma fara sonta. Kafin nan, sunaye ne kawai na mutanen da ba ta sani ba.

Mataki na bakwai: daren kallo

Ka zaɓi daren da ba ta gaji ba, bayan an yi sallar isha'i an ci abinci yara sun kwanta, ba daren da ta yini a kan aiki ko ta dawo daga biki ba. Ka sauko da kashin tun da rana idan ta intanet kake kallo, ka kuma tanadi caji ko wata hanyar wuta, domin babu abin da yake kashe labari kamar hoto ya tsaya yana juyawa ana tsakiyar shari'ar Data. Kamfanin Paramount ne yake da shirin kuma a manhajarsa ta Paramount+ ya tattara mafi yawansa, tsofaffin kuma duk an fitar da su a faifan DVD. Ka kunna rubutun da yake bi ta ƙasan allo ko da tana jin Turanci sosai, saboda akwai sunayen duniyoyi da na na'urori da kunne ba ya kamawa a karon farko. Ka gaya mata cewa idan injiniya ya fara zuba kalmomin fasaha ba a bukatar ta fahimce su, yawancinsu ƙirƙira ce, abin da ake so ta gane kawai shi ne wani abu ya lalace kuma lokaci yana ƙurewa. Idan tsohon shiri ne, ka sanar da ita cewa hoton ba zai cika allo ba, za a ga baƙi a gefe biyu, domin an yi shi ne don talabijin irin ta da. An sake gyara hoton shirin farko da na The Next Generation sun fito tas, amma Deep Space Nine da Voyager ba su sami wannan gyara ba.

Daga nan sai ka miƙa mata rimot, ka kama bakinka. Kada ka riga 'yan wasa faɗin maganarsu. Kada ka ce "kalli nan, kalli nan" idan wuri mai daɗi ya matso, domin ka riga ka kashe shi. Kada ka tsayar da hoto don ka yi sharhi, sai in ita ta tsayar ta yi tambaya, kuma idan ta tambaya ka amsa da jimla ɗaya ko biyu. Abin da ya fi duka wuya shi ne ka daina satar kallon fuskarta kana neman ganin ko abin ya burge ta. Tana lura, kuma da zarar ta lura ta daina kallon fim ta koma yi maka wasan kwaikwayo don kada ranka ya ɓaci. Idan ta yi dariyar dodon roba ko dutsen kwali, ka taya ta, ai abin dariyar ne.

Mataki na takwas: ka saurari abin da ta ce, ka gyara zaɓinka

Bayan an gama kada ka tambaye ta ko ya yi daɗi, domin amsar ladabi za ka samu. Ka tambaye ta wa ya fi burge ta, wa ya ba ta haushi, kuma da ita ce kyaftin me za ta yanke. Amsar ita ce za ta nuna maka kashi na gaba. Idan Data ne ya shiga ranta, ka bi ta da "The Offspring", inda ya ƙera 'ya. Idan Worf ne, hafsan nan ɗan Klingon, ka nemi "Sins of the Father", inda ya koma garinsu don ya wanke sunan mahaifinsa daga zargin cin amana. Idan Spock ne, lokacin tsohon shirin ya yi, kuma "The Devil in the Dark" da "The City on the Edge of Forever" suna cikin waɗanda shekaru ba su rage musu ƙarfi ba. Tana iya son wanda kai ba ka so, ko ta ce kyaftin ɗin da kake girmamawa yana da girman kai. Kada ka mai da shi gardama. Ranar da ta fara samun ra'ayin kanta a kan mutanen jirgin, ranar ce ta daina zama baƙuwa.

Mataki na tara: daga tsince zuwa bi a jere

Idan ukun farko suka wuce ta nemi na huɗu da bakinta, sai a koma kallo a jere. Wanda ya shiga ta Strange New Worlds ya ƙarasa shi, sannan ya zaɓo goma ko sha biyar daga tsohon shirin. Wanda ya shiga ta The Next Generation ya fara daga zango na uku ya tafi har na bakwai, amma ya fara komawa ya kalli "Q Who" na zango na biyu, inda aka fara haɗuwa da Borg, wasu abokan gaba masu haɗe jiki da na'ura. Akwai wurare kaɗan da jeri yake da muhimmanci ƙwarai. A kalli "Space Seed" kafin fim ɗin The Wrath of Khan na 1982, domin a can aka fara sanin Khan, mugun fim ɗin. A kalli "The Best of Both Worlds", wanda ya rufe zango na uku ya buɗe na huɗu, kafin fim ɗin First Contact na 1996, kuma kafin a taɓa Deep Space Nine, saboda mintunan farko na Deep Space Nine suna nuna yaƙin da matar Benjamin Sisko, babban jarumin shirin, ta rasu a cikinsa, wanda kai tsaye zai tona abin da ya sami Picard. Shi Deep Space Nine, mai kashi 176, shi ne wanda ba a tsince a cikinsa idan an yi nisa, domin zangunansa na ƙarshe labarin yaƙi ɗaya ne mai haɗe, kuma a ganina shi ne ladan da yake jiran wanda ya yi haƙuri.

A wannan mataki akwai ƙa'idoji biyu da za ka ɗaure kanka da su. Kada ka ci gaba da kallo kai kaɗai idan ba ta nan, ko da ka riga ka san labarin, domin abin ya zama naku ne yanzu. Kuma ka ja mata kunne kada ta nemi sunan wani jarumi a intanet, saboda layin farko da zai fito yana iya gaya mata wanda ya mutu da wanda ya auri wa. Kashi biyu ko uku a mako ya wadatar, kuma idan aka yi sati biyu ba a kalla ba kada ka yi ƙorafi.

Idan kuwa ukun nan suka cika ta ce abin bai yi mata ba, ka cika alkawarin da ka ɗauka a matakin farko. Kana iya tambaya sau ɗaya ko za ta gwada wata ƙofar, misali fim maimakon shiri, ko sabo maimakon tsoho, idan ta ce a'a ka bar shi haka, ka ci gaba da kallon abinka a lokacin da ba zai ci nata ba, kuma ka biya bashin dararen da ka yi alkawarin kallon shirinta. Kada ka goge kashi-kashin daga na'ura, kuma idan wata rana kana kallo ta zo wucewa ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi abin da ya sami 'yar likitan nan, ka matsa mata wuri a kujera ka mayar da kashin farkonsa.